Farantin Jinkiri Na Madubin Tataccen Haske: Wanne Za Ka Saya, Wanne Za Ka Bari?

Duk wanda aka taɓa miƙa wa takardar farashin madubin tataccen haske, wato maikiroskof mai tace haske kafin ya ratsa abin da ake dubawa, ya san inda kai ke ɗaurewa. Madubin kansa layi ɗaya ne. A ƙarƙashinsa ne za ka ga jerin 'yan ƙananan kaya, kowanne bai fi ɗan yatsa tsawo ba: farantin cikakken zango, farantin rubu'in zango, wejin kwaz, Sénarmont, Berek, Brace-Köhler. Mai sayarwa zai ce maka duka suna da amfani, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai kuɗin ba da naira ake lissafa su ba, kuma kasafin sashe ba ya miƙewa kamar roba.

Ra'ayina tun daga farko shi ne: kafin ka dubi farashi, ka amsa tambaya ɗaya. Launi kake so ya gaya maka alkibla, ko lamba kake so ka rubuta a rahoto? Yawancin masu sayen kayan awo masu tsada alkibla kawai suke bukata.

Abin da farantin ke yi

Madubin yana da mataci biyu, na ƙasa da na sama, waɗanda 'yan ɗakin gwaji ke kira folaraiza da analaiza. Idan aka gicciye su, haske ba ya wucewa, fili ya yi baƙi ƙirin. Amma wasu abubuwa, kamar yawancin ma'adanai, zare, sitaci, tsoka da gishirin da ke taruwa a gaɓoɓi, suna raba hasken da ya shige su gida biyu: ɗaya mai sauri, ɗaya mai saiɓi. Ratar da ke tsakaninsu lokacin fita ita ce jinkiri, kuma da nanomita ake auna ta, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Lissafin ba wuya: kaurin abu sau ƙarfin rabon haskensa. Yankan dutse na ƙa'ida kaurinsa maikiromita 30 ne. Ƙarfin rabon kwaz 0.009, saboda haka jinkirinsa bai wuce nanomita 270 ba, shi ya sa yake fitowa fari ko toka-toka. Na kalsait 0.172 ne, jinkirinsa ya haura 5,000.

Kowane jinkiri da launinsa, kuma launukan suna maimaituwa hawa-hawa, duk bayan kimanin nanomita 550, suna koɗewa yayin da ake yin sama. Wannan shi ne jadawalin launuka da Bafaranshen nan Auguste Michel-Lévy ya fitar a 1888, wanda har yau ake manna shi a bangon ɗakunan nazarin duwatsu. Farantin jinkiri abu ne da aka riga aka san jinkirinsa da layin saiɓinsa, wato alkiblar da haske mai saiɓi ke kaɗawa a cikinsa. Ka zura shi a kafar da ke tsakanin matatan biyu, idan layin saiɓinsa ya dace da na samfurinka jinkiri ya ƙaru, idan sun gicciye ya ragu. Duk sauran bayani reshe ne na wannan.

Ma'aunan da zan bi

Na farko, amsar da farantin ke bayarwa: alkibla ko lamba, kuma daga nanomita nawa zuwa nawa. Na biyu, tsada, har da kuɗin abubuwan da dole ka haɗa masa kafin ya yi aiki. Na uku, ƙarko a zafi da ƙura da laimar damina. Na huɗu, sauƙin koyo, musamman inda hannaye da yawa ke taɓa madubi ɗaya. Na biyar, hanyar da yake bi ya yaudari mai shi, domin kowanne da irin tasa.

Farantin cikakken zango

Wasu na ce masa farantin lamda, wasu farantin jifsam, wasu kuma jan hawa na ɗaya. Jinkirinsa tsakanin nanomita 530 ne da 550, gwargwadon kamfani, wato zango ɗaya, tsawon igiya ɗaya ta koren haske. Da ka zura shi, baƙin fili ya koma ja mai ratsin shunayya, kamar ruwan garura. Hikimar ita ce wannan launin yana daidai kan iyaka. Ƙara masa nanomita 100 ya tsallaka zuwa shuɗi, rage masa 100 ya gangaro ruwan goro ko ɗorawa. Abin da a da toka-toka ne wanda ido ba ya iya bambancewa, yanzu ya zama shuɗi ko rawaya, wanda ko ɗalibin ajin farko ba zai ruɗe ba.

Amfaninsa ya fi na sauran yawa nesa ba kusa ba. A asibiti da shi ake raba ciwon gaɓoɓin da ake kira gaut da mai kama da shi. Tun 1961 McCarty da Hollander suka nuna gishirin yuret a ruwan gaɓar masu gaut ta hanyar tataccen haske. Gishirin gaut kamar allura yake, yana da haske sosai, kuma idan ya kwanta daidai da layin saiɓin faranti rawaya yake fitowa, idan ya gicciye shi shuɗi. Gishirin kalsiyam fairofosfet kuwa, na ciwon mai kama da gaut, akasin haka yake yi, ga shi guntu mai kusurwa, haskensa dishi-dishi. Mai nazarin dutse da shi yake gane ko ma'adani mai tsawo saiɓinsa na bin tsawonsa ne ko faɗinsa, kuma idan ya sa gilashin Bertrand, wani ɗan ƙarin gilashi a cikin madubin, ya ga baƙin gicciyen da ke bayyana, launin da ya fito a kusurwoyi ke gaya masa alamar ma'adanin: kwaz tabbatacce, kalsait korarre. Masu binciken asbestos da shi suke ware irinsa da ake kira kirosidolait daga kirisotail. Masu nazarin zare da shi suke gane akirilik, domin launinsa juyewa yake yi saɓanin na nailan da foliyesta. Har auduga ana duba nunarta da shi: zaren da ya nuna rawaya ko kore-kore, wanda bai nuna ba shuɗi ko shunayya.

Yana cikin mafi araha a jerin, kuma sau da yawa tare da madubin yake zuwa. Babu abin da ke motsi a jikinsa, sai dai a tambayi abin da aka yi shi da shi. Tsofaffin na jifsam ne, wanda taurinsa 2 ne a ma'aunin Mohs, farce ma yana kartarsa, kuma ba ya son zafi. Na kwaz taurinsa 7. Na yanzu da yawa siririyar roba ce aka matse tsakanin gilasai biyu. Duk wanda aka haɗa da manni, idan aka bar shi kan taga a watan Afrilu, wata rana za ka ga kumfa ta fara ci daga gefe.

Yaudararsa ɗaya ce, amma babba ce. Launi ba ya da ma'ana sai an san inda layin saiɓi ya dosa. Ana rubuta alamar γ ko Z′ da kibiya a jikin farantin. Na taɓa zama da wani ma'aikacin gwaji wanda ya haddace "rawaya gaut, shuɗi ba gaut ba", bai taɓa duban kibiyar ba. Allura ɗaya ce, na juya teburin madubin kwata, ta koma shuɗi a gabansa. Ya daɗe bai ce uffan ba. Iyakarsa ta biyu: a ma'adanai masu jinkiri mai yawa irin kalsait, ƙarin 550 a kan 5,000 kamar zuba cokalin ruwa ne a rijiya, ba za ka ga canjin kirki ba.

Akwai tsohuwar dabara ta manna salatif mai sheƙi ninki biyu a kan gilashin samfuri a yi amfani da shi maimakon farantin. Tana fitar da ja mai kama da na gaske idan an dace da irin salatif ɗin, kuma ta isa nuna wa ɗalibai. Ban yarda a rubuta sakamakon majiyyaci da ita ba sai an gwada ta da gishirin da aka riga aka tabbatar, domin babu kibiya a jikinta.

Farantin rubu'in zango

Shi ne farantin maika, jinkirinsa kimanin nanomita 137 zuwa 147. Ba ya rina fili, toka-toka kawai yake mayar da shi. Yana da amfani inda samfuri ya riga ya yi launi mai ƙarfi, a hawa na biyu ko na uku, kana so ka matsar da shi taki ɗaya a jadawali ba tsalle ba. Farashinsa kusan ɗaya da na cikakken zango, kuma wasu kamfanoni suna haɗa su a sanda ɗaya. Idan haka ya zo, madalla. Idan sai ka zaɓi ɗaya, bar wannan. Maika ma ba ta da tauri, kuma karanta canjin launinsa yana son idon da ya saba.

Wejin kwaz

Sunan ya dace da shi. Kamar wejin da yaron mota ke cusa wa taya yake: siriri a baki, yana kauri zuwa gindi. Kana tura shi a hankali launuka na wucewa hawa bayan hawa, yawanci har hawa huɗu, wato kusan nanomita 2,200, wasu har shida. Ka juya samfuri zuwa inda jinkiri ke raguwa, ka ci gaba da turawa har ya yi baƙi, sannan ka ƙirga ja nawa ya wuce. Nan ka san hawan da launin yake. Wannan ne maganin rikicin da ke kama kowane sabon ɗalibi, wato rawayar hawa na ɗaya ce ko ta biyu? Haka nan a hoton gilashin Bertrand na ma'adanai masu zobba da yawa, motsin zobban ciki ko waje ke ba ka alamar da farantin cikakken zango ya kasa bayarwa.

Ya fi faranti biyun farko tsada sosai, domin gogar da kwaz ya yi wannan gangaren aiki ne na ƙwararru. Dutsen yana da tauri, amma bakin siriri ne ƙwarai, faɗuwa ɗaya daga tebur ta isa. Lambar da yake bayarwa ƙiyasi ce, ba awo ba. A koyarwa kuwa ban san abin da ya kai shi ba, domin ɗalibi yana ganin jadawalin Michel-Lévy na tafiya a gaban idonsa.

Sénarmont

Daga nan muka shiga masu ba da lamba. An sa masa sunan Henri de Sénarmont, masanin ma'adanai ɗan Faransa na ƙarni na 19. Shi ma farantin rubu'in zango ne, amma a nan mutane ke faɗawa rami: ba a kusurwar digiri 45 yake zama ba kamar na maika, layinsa daidai yake da na mataci na ƙasa. Saboda haka kada ka ɗauka farantin rubu'in da ke cikin akwatinka zai maye gurbinsa. Ana ajiye samfuri a digiri 45, a juya mataci na sama har samfurin ya yi duhu, a karanta digirin. Da koren haske mai zangon nanomita 546, kowane digiri ɗaya daidai yake da nanomita 3.03. Ka juya digiri 33, jinkirinka kusan 100 ne. Babu jadawali, babu dogon lissafi.

Farantin ba ya da tsada can, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Dole madubinka ya kasance da mataci na sama mai juyawa mai ma'aunin digiri, kuma dole ka sayi matacin koren haske na 546. Idan mataci na sama na madubinka kafaffe ne, ka sayi abin ajiya. Iyakarsa zango ɗaya. Samfurin da jinkirinsa ya kai 646 zai ba ka amsa iri ɗaya da mai 100, sai ka nemo hawan da weji ko da farin haske. Ƙarkonsa mai kyau ne, babu abin da ke motsi a cikinsa.

Berek

Max Berek, wanda ya yi aiki da kamfanin Leitz a Wetzlar ta Jamus, ya bayyana wannan a 1913. Faranti ne da aka yanka ta yadda idan yana kwance ba ya jinkirta komai, sai baƙin gicciye kake gani. Akwai ɗan mariƙi mai ma'auni da ke karkata shi, yana karkata jinkiri na ƙaruwa. Ka karkata dama har baƙin layi ya hau samfuri, ka rubuta, ka karkata hagu, ka rubuta, ka ɗauki tsakiya, ka duba jadawali. Iri biyu ne. Wanda aka yi da maganiziyam fuloraid yana auna hawa uku zuwa biyar da kyau. Na kalsait yana kaiwa hawa ashirin, kimanin nanomita 11,000, wasu har sun wuce. Zaren foliyesta mai kaurin maikiromita 20 jinkirinsa na iya haura 3,000, ya fi ƙarfin weji mai hawa huɗu, ya fi ƙarfin ƙaramin Berek. Wanda ya sayi ƙaramin don aikin zare ya yi asara.

Yana cikin mafi tsada a jerin, ninkin farantin cikakken zango sau da dama. Kuma shi ne mafi rauni, domin inji ne. Ƙurar hunturu idan ta shiga mariƙin sai ya fara cijewa, tsakiyar ma'aunin ta goce. Kalsait taurinsa 3 ne kacal, gogewa da gefen riga ta isa ta lalata shi. Babban haɗari yana wajen sayen na hannu: jadawalin juya digiri zuwa nanomita na tafiya ne da lambar da ke jikin kowane ɗaya. Berek da ya rabu da takardarsa sai an sake daidaita shi da samfurin da aka san jinkirinsa, kuma ba kowa ke da irin wannan samfurin ba. A manyan hawa ma gane wanne ne ainihin baƙin layin yana ba ƙwararru wuya.

Brace-Köhler

Wannan na ɗaya ƙarshen ne, na jinkirin da ido ba ya ko gani. Sunan DeWitt Brace na Amurka da August Köhler na kamfanin Zeiss yake ɗauke da shi. Siririyar maika ce mai jinkirin kashi ɗaya cikin goma na zango ko ɗaya cikin talatin, wato kimanin nanomita 55 ko 18 zuwa 20, kuma juya ta ake yi, ba karkatawa ba. Da irin wannan tsari na kankare ɗan ƙaramin jinkiri Shinya Inoué ya nuna zaren da ke jan kwayoyin gado lokacin rabuwar ƙwayar halitta mai rai, a 1953. Masu duba damuwar da ta maƙale a cikin gilashi ma suna amfani da shi.

Tsadarsa ta kusa ta Berek, kuma ba ita ce ƙarshen kashe kuɗi ba. Idan gilasan madubinka ba irin marasa damuwa ba ne, waɗanda ake rubuta wa P ko Pol a jiki, jinkirin da gilashin ke haifarwa zai rufe wanda kake nema. Yana son haske mai ƙarfi wanda ba ya rawa. Inda wuta ke sama da ƙasa, sai ka lissafa kuɗin batir da inbata a ciki.

| Faranti | Abin da yake bayarwa | Iyaka a nanomita | Tsada | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Cikakken zango | Alkibla | 530 zuwa 550, kafaffe | Araha | Mai kyau | Sosai | Mance kibiyar saiɓi |
| Rubu'in zango | Alkibla | 137 zuwa 147, kafaffe | Araha | Matsakaici | Matsakaici | Canjin launi kaɗan ne |
| Wejin kwaz | Hawa da ƙiyasi | Har kusan 2,200 | Matsakaici | Bakin na karyewa | Sai an saba | Kuskuren ƙirga hawa |
| Sénarmont | Lamba | 0 zuwa 546 | Matsakaici, ban da kayan haɗi | Mai kyau | Mai sauƙi | Ba ya faɗin hawa |
| Berek | Lamba | Kimanin 1,600 zuwa 11,000, gwargwadon iri | Tsada | Rauni | Wuya | Ɓatan jadawali |
| Brace-Köhler | Lamba | 0 zuwa 20 ko 55 | Tsada | Matsakaici | Wuya | Gilasan da ba su dace ba |

Kafin ka biya

Auna kafar madubinka. Ƙa'idar awo ta Jamus da ake kira DIN milimita 20 ne da 6, amma tsofaffin madubai da yawa kafarsu ta fi haka ƙanƙanta, wasu kamfanoni kuma sai da ɗan gida na musamman farantinsu ke shiga. Faranti na Olympus ba lallai ya zauna a madubin Zeiss ko Nikon ba. Sayen na hannu ta intanet ba tare da ganin hotonsa tsakanin matata gicciye ba cinikin biri ne a sama: launin ya kamata ya zama bai ɗaya daga gefe zuwa gefe, babu kumfa, babu zaren fumfuna. Idan ya iso, ka gwada kibiyar da zaren nailan, wanda saiɓinsa ke bin tsawonsa. Ka kwantar da shi daidai da kibiyar, launi ya hau sama, to alamar gaskiya ce.

Wa ya dace da wanne

Ɗakin gwajin asibiti da ke duba ruwan gaɓa: farantin cikakken zango, shi kaɗai. Ragowar kuɗin a sa su a gilashin gani mai kyau da koyar da ma'aikata karanta kibiya. Idan abin da kake nema baƙin kashin da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ke bari a jini ne, ko koren hasken amiloid bayan rinin jan Kwango, matatan biyu sun wadatar, ba ka bukatar faranti ko ɗaya.

Sashen nazarin duwatsu mai koyar da ɗalibai: cikakken zango a kowane madubi, weji biyu ko uku a hannun mai kula da ɗaki, a riƙa bayarwa ana sa hannu. Rubu'in zango idan ya zo kyauta.

Mai binciken digiri na biyu ko na uku da ke auna sitaci, tsoka, siraran robobi ko duk abin da jinkirinsa bai kai zango ɗaya ba: Sénarmont, muddin mataci na sama yana juyawa. Da shi za ka sami lambar da za ka iya karewa gaban masu jarrabawa ba tare da kuɗin Berek ba.

Mai aikin zaren roba, binciken shaidar kotu, ko ma'adanai masu jinkiri mai yawa: Berek na kalsait, sabo ko kuma wanda takardarsa ke tare da shi kuma lambobin sun yi daidai. Idan sau biyu a shekara za ka bukace shi, nemi sashen da ke da shi ka je da samfurinka.

Mai nazarin ƙwayoyin halitta masu rai ko damuwar gilashi: Brace-Köhler, amma sai bayan ka tabbatar da gilasan Pol da tsayayyiyar wuta. Idan ɗayan biyun nan babu, fara da su, farantin ya jira kasafin baɗi.